Gado da ginin jiki: Iyakar tasirin ƙwayoyin halitta wajen ƙara tsoka da rage kitse

Mutum biyu na iya fara ɗaga ƙarfe rana ɗaya, a wuri ɗaya, suna cin abinci iri ɗaya, amma bayan wata uku damtsen ɗaya ya cika hannun riga, na ɗayan kuwa sai an sa ma'auni kafin a ga ƙari. Masu horarwa kan ɗora laifin a kan lalaci. Wanda abin ya shafa yakan ce jinin gidansu ne haka, ya ajiye ƙarfen, ko kuma ya nufi masu sayar da allurai da ƙwayoyi. Binciken da masana suka tara cikin shekara arba'in da suka wuce ya nuna cewa gado yana da hannu sosai a wannan bambanci, sai dai hannunsa ya fi tsawo a kan saurin sauyi da iyakarsa da kuma siffar jiki. Kusan kowane jiki mai lafiya yana sauyawa idan aka ba shi aiki da abinci da lokaci.

Abin da alƙaluman gado ke nufi

Ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin, rabin kwafinsu daga uwa, rabi daga uba. Idan masana suka ce gado yana da kashi 40 zuwa 70 cikin 100 a ƙiba, suna magana ne a kan bambancin da ke tsakanin mutanen wata al'umma a wani zamani. Ba a iya ɗaukar mutum ɗaya a ce kashi 70 na tumbinsa daga iyaye ne, kashi 30 daga tuwo. Wannan alƙalami yana sauyawa idan yanayin rayuwa ya sauya.

Likitan Amurka Albert Stunkard ya yi fice a wannan fage. A 1986 ya wallafa nazarin mutum 540 'yan ƙasar Denmak waɗanda aka ba da riƙonsu tun suna jarirai. Nauyinsu bayan sun girma ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na iyayen riƙon da suka ciyar da su ba. A 1990 ya sake duba tagwaye 'yan ƙasar Suwidin waɗanda aka raba tun suna ƙanana, aka samu nauyinsu yana kusa da juna duk da gidaje daban da suka tashi.

A wannan shekara ce Claude Bouchard na Jami'ar Laval da ke Kebek a Kanada ya wallafa gwajin da har yau ake kafa hujja da shi. Ya tara tagwaye maza masu kama ɗaya guda 24, wato tagwaye 12, ya ajiye su wuri ɗaya kwana 100. A kwana 84 daga ciki an ƙara wa kowannensu kalori 1,000 a kan abin da jikinsa ke buƙata. Matsakaicin nauyin da suka ƙara shi ne kilo 8.1, amma wani kilo 4.3 kawai ya ƙara, wani kuwa 13.3. Kowane ɗan tagwaye ya yi kusa da ɗan'uwansa a yawan ƙarin, kuma kamannin ya fi ƙarfi a inda kitsen ya taru, musamman kitsen cikin ciki. Abin lura shi ne babu ko mutum ɗaya da bai ƙara nauyi ba.

Tsoka: wasu na gudu, wasu na tafiya

Gwajin da ya fi fito da bambancin ginin tsoka fili shi ne wanda Monica Hubal da abokan aikinta suka wallafa a 2005. Mutum 585 ne suka shiga, mata 342 da maza 243. Kowa ya horar da hannunsa da bai saba aiki da shi ba har mako 12, aka auna kaurin tsokar damtse da na'urar hoton cikin jiki kafin da bayan horon. Wasu tsokarsu ta ƙaru da kashi 59 cikin 100. Wasu ba ta ƙaru ba, har ma ta ɗan ragu da kashi 2. A wajen ƙarfin ɗaga nauyi, ƙarin ya tashi daga sifili har zuwa kashi 250. Mafi yawan mutanen suna tsakiya, waɗanda ke bakin iyaka biyun 'yan kaɗan ne. Maza sun ɗan fi mata ƙarin kauri, mata kuma sun fi maza ƙarin ƙarfi idan aka kwatanta da inda kowa ya faro.

Haka abin yake a juriyar numfashi. A binciken iyalai na HERITAGE da Bouchard ya jagoranta a Amurka da Kanada, mutum 481 daga iyalai 98 sun yi mako 20 suna tuƙa keken motsa jiki. Wasu iskar da jikinsu ke iya amfani da ita ta ƙaru da fiye da lita ɗaya a minti, wasu kusan ba ta motsa ba, kuma masu saurin amsawa sun taru a gidaje ɗaya. An ƙiyasta rabon gado a wannan da kashi 47.

Irin wannan sakamako ne ya haifar da maganar cewa akwai mutanen da motsa jiki ba ya yi musu komai. Bincike na baya ya rage wa maganar ƙarfi. A 2017 David Montero da Carsten Lundby sun ɗauki waɗanda mako shida na horo bai ƙara musu juriya ba, suka ƙara musu awa biyu a kowane mako, sai dukkansu suka samu ci gaba. Wanda kaurin tsokarsa bai ƙaru ba kuma sau da yawa akan samu ƙarfinsa ya ƙaru, ko hawan jininsa ya sauka, ko sukarin jininsa ya daidaita. Gwajin mako 12 ma gajere ne a rayuwar tsoka.

Akwai dai abubuwan da horo ba ya taɓawa. Faɗin kafaɗa da kwankwaso tsarin ƙashi ne. Tsawon tsoka da wurin da jijiya ta manne da ƙashi su ke sa damtsen wani ya yi tudu, na wani ya miƙe, kuma su ke sa sharaɓar wasu ta ƙi cika duk da shekarun aiki. Layukan tsokar ciki da matasa ke nema, yawansu da daidaituwarsu halitta ce: wani huɗu ne gare shi, wani shida, wani takwas, wani kuma nasa a karkace suke. Horo yana ƙara musu kauri, rage kitse yana fito da su, amma ba a sake musu tsari.

Ƙwayoyin gado da suka yi suna

A 1997 Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins sun gano wani furotin da ake kira mayostatin, wanda aikinsa shi ne taka wa tsoka birki. Ɓerayen da aka cire musu shi sun yi tsoka ninki biyu ko fiye. Nan da nan aka gane cewa lalacewar wannan ƙwayar gado ce ta ba shanun Belgian Blue na ƙasar Beljiyam jikin da ya sa suka yi suna. A 2004 likitoci a Jamus suka ba da rahoton wani yaro da aka haifa da irin wannan sauyi, cinyoyinsa da damatsansa cike da tsoka tun yana jariri. Irin wannan yana da wuyar samu ƙwarai a cikin mutane, kuma bai bayyana bambancin da ake gani a wuraren motsa jiki ba.

Wata ƙwayar ita ce ACTN3, wadda ke ƙera furotin a zaren tsoka mai saurin motsi. Kathryn North da tawagarta a Ostireliya sun gano cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a duniya ba shi da wannan furotin gaba ɗaya, kuma a 2003 suka nuna cewa da wuya a samu irin waɗannan a cikin zakarun gajeren gudu. Daga nan 'yan kasuwa suka raɗa mata suna ƙwayar gudu. Wani nazari na 2007 ya duba 'yan Najeriya da Kenya da Habasha, aka samu rashin furotin ɗin bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba a Najeriya da Kenya, a Habasha kuma kimanin kashi 11. Wato kusan kowane ɗan Najeriya yana ɗauke da ita, mai gudu da wanda bai taɓa yin gudu ba. Ƙwaya ɗaya ba ta yin zakara.

A ɓangaren ƙiba, Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano sinadarin leptin a 1994. Kitse ne ke sakinsa domin ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. A 1997 likitocin Kambrij a Ingila suka samu wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya da jikinsu ba ya ƙera shi, suna cikin yunwar da ba ta ƙarewa. Allurar leptin tana magance irin wannan, amma ba ta yi wa mafi yawan masu ƙiba amfani ba, domin su suna da shi da yawa. A 2007 aka gano FTO, wadda ta fi sauran ƙwayoyin da suka yaɗu tasiri: wanda ya gaji kwafi biyu na nau'in mai haɗari yakan fi wanda bai gada ba nauyi da kimanin kilo 3. Wani babban nazari na 2011 da ya haɗa bayanan manya fiye da 200,000 ya nuna cewa motsa jiki yana rage wannan tasiri da kashi 27.

Zuwa 2018 an gano wurare fiye da 900 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da nauyi, amma dukkansu a haɗe kashi 6 kawai na bambancin da ke tsakanin mutane suka bayyana. Yawancinsu kuma a ƙwaƙwalwa suke aiki, a kan yunwa da ƙoshi. Wannan ya nuna cewa gadon ƙiba galibi ta hanyar ci yake bi. Wani yana ƙoshi da malmala ɗaya, wani yana tashi daga biyu da sauran yunwa, kuma ba tarbiyya ce ta raba su ba.

Saboda haka ne gwajin yawu da wasu kamfanoni ke tallatawa a intanet, wai don a faɗa wa mutum abincin da ya dace da jininsa, ba shi da tushe mai ƙarfi. A 2018 Christopher Gardner na Jami'ar Stanford ya raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage maiƙo, wasu suka rage sitaci, tsawon shekara guda. Rukunin farko sun rage kilo 5.3, na biyu kilo 6, kuma tsarin ƙwayoyin gadon da aka gwada bai nuna wanda zai fi cin nasara da wane abinci ba. Ga 'yan Afirka akwai ƙarin dalilin taka-tsantsan, domin mafi yawan bayanan da aka gina waɗannan gwaje-gwaje a kansu daga Turawa aka tattara su.

Jini ɗaya, rayuwa biyu

Ƙabilar Pima ta kasu biyu, wani yanki a jihar Arizona ta Amurka, wani a duwatsun Meziko. Asalinsu ɗaya. Nazarin da aka wallafa a 2006 ya samu ciwon sukari a kashi 38 na manyan Pima na Arizona, a Meziko kuwa, inda suke noma da aikin ƙarfi, kusan kashi 7. A shekarun 1990 Richard Cooper na Jami'ar Loyola da ke Chicago ya kwatanta mutanen Najeriya da Kamaru da na Jamaika da baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda kakanninsu suka fito daga Afirka ta Yamma, ya samu ƙiba da hawan jini suna hawa mataki-mataki daga Afirka zuwa Amurka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa, kuma adadin manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Ƙwayoyin gado ba sa sauyawa cikin shekara 30. Abinci da abin hawa da zaman ofis ne suka sauya.

Nawa ne jiki zai iya ƙarawa

Ƙiyasin da gogaggun masu horarwa ke aiki da shi shi ne namiji sabon shiga, mai horo da ci yadda ya kamata, yana iya ƙara rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka a wata cikin shekarar farko. A shekara ta biyu abin yakan koma rabi, a ta uku ya sake komawa rabi, har ya zama kilo ɗaya a shekara babban rabo ne. Mace takan samu kimanin rabin wannan. Ƙarfin da ke ƙaruwa a makonnin farko kuwa yawancinsa jijiyoyi ne ke koyon aikin, tsokar tana biyo baya.

A 1995 Elena Kouri da Harrison Pope sun auna 'yan wasa maza 157, daga ciki 83 suna amfani da allurar ƙara tsoka, 74 ba sa yi. Sun raba nauyin jiki ban da kitse da tsawon mutum sau kansa. Waɗanda ba sa shan komai sun tsaya a wajen 25, masu allura da yawa sun zarce, wasu har sun haura 30. Ga mai tsawon mita 1.80, lamba 25 tana nufin kilo 81 ban da kitse, ko kilo 90 idan kitsensa kashi 10 ne. Namijin da ba ya horo yana wajen 19 zuwa 20. Wannan iyaka ba katanga ba ce, tunda 'yan kaɗan suna ƙetare ta da halittarsu, amma waɗanda aka auna ɗin ma zaɓaɓɓu ne, kuma mafi yawan mutane ba za su kai can ba.

Shekara guda bayan haka Shalender Bhasin ya nuna girman ratar. Ya raba maza 43 gida huɗu na mako 10. Masu ɗaga ƙarfe kawai sun ƙara kusan kilo 2 na nauyin da ba kitse ba. Waɗanda aka yi wa allurar testostiron miligiram 600 a mako ba tare da sun ɗaga komai ba sun ƙara kilo 3.2. Masu haɗa biyun sun ƙara kilo 6.1. Saurayin da ke gwada jikinsa da hotunan Instagram yana iya kasancewa yana gasa ne da allura, ga haske da kusurwar kyamara da gyaran hoto. Farashin allurar sananne ne ga likitoci: kaurin tsokar zuciya, lalacewar hanta musamman da na haɗiya, ƙanƙancewar 'ya'yan maraina, raguwar maniyyi har zuwa rashin haihuwa, fitowar nono ga maza, da kaurin murya da gashin fuska ga mata.

A ɗaya gefen akwai masu neman ƙiba da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi suna ƙunshe da deksametason ko siproheptadin. Deksametason yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana kuma cinye tsokar hannu da ƙafa, yana ta da sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi. Dakatar da shi farat ɗaya bayan dogon amfani ma haɗari ne, sai likita ya rage shi sannu a hankali.

Abin da tsoka ke buƙata ba shi da yawa: nauyin da ke ƙaruwa a hankali, barci, da furotin. Nazarin 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje 49 da mutum 1,863 ya nuna cewa amfanin furotin yana tsayawa a wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 112. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, giram 100 na dafaffen nama ko kifi yana da 20 zuwa 30, kuma wake da awara da ƙuli-ƙuli da kindirmo da kilishi duk suna cike giɓin ba tare da garin gwangwani mai tsada ba. Tsufa ma ba ya rufe ƙofa. A 1990 Maria Fiatarone ta horar da tsofaffi 10 masu shekara 86 zuwa 96 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, cikin mako takwas ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174.

Rage kitse da abin da ke biyo baya

Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori kimanin 7,700. Hukumomin lafiya suna ba da shawarar rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Saurin da ake gani a makon farko yawancinsa ruwa ne, domin kowane giram na sitacin da jiki ya ajiye yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Inda kitse ke fara tafiya kuwa gado da jinsi ne ke zaɓa. A wani gwaji na 2011, mako shida na atisayen ciki ya ƙara wa tsokar juriya amma bai rage kitsen tumbi ba. Ɗamarar roba da rigar leda gumi kawai suke fitarwa. Shayin rage teɓa kuma an sha kama wasu da sibutiramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Amurka da Turai a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki.

Wahalar gaske tana zuwa ne bayan an rage. Kirsty Spalding ta Cibiyar Karolinska a Suwidin ta nuna a 2008 cewa yawan ƙwayoyin kitse yana kafuwa ne a yarinta da ƙuruciya. Idan babba ya rame, ƙwayoyin suna motsewa ne, adadinsu yana nan. Leptin yana sauka, yunwa tana ƙaruwa, jiki yana rage kuzarin da yake ƙonawa. Kevin Hall na Cibiyoyin Lafiya na Amurka ya bi mutum 14 da suka shiga gasar talabijin ta The Biggest Loser. Sun rage matsakaicin kilo 58 cikin mako 30. Bayan shekara shida kilo 41 sun dawo, kuma jikinsu yana ƙona kalori kusan 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga masu girmansu. Wannan misali ne na rage nauyi mai tsanani, amma ya bayyana dalilin da ya sa likitoci ke ɗaukar ƙiba a matsayin lalura mai buƙatar kulawa ta dogon lokaci.

Amfanin lafiya ba ya jiran a koma siriri. A shirin rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka wallafa a 2002, an bi mutum 3,234 da sukarinsu ya fara hawa. An nemi rukuni ɗaya su rage kashi 7 na nauyinsu su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon sukari ta ragu da kashi 58 a cikinsu, yayin da maganin metfomin ya rage ta da kashi 31. Ga mai kilo 100, kashi 7 kilo bakwai ne, abin da maƙwabta ba lallai su lura da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu.

Tunda babu gwajin jini da zai faɗa wa mutum tun farko ko yana cikin masu saurin amsawa, hanyar da ta rage ita ce rubuta abin da ke faruwa: nauyin da ake ɗagawa, faɗin ƙugu, da matsakaicin nauyin jiki na mako, tsawon wata shida zuwa shekara. Ma'aunin ƙugu ya fi sikeli faɗin gaskiya a kan kitsen ciki, kuma hukumar NICE ta Birtaniya tana ba da shawarar kada ƙugu ya kai rabin tsawon mutum, wato ƙasa da santimita 85 ga mai tsawon mita 1.70. Wanda nauyinsa ya sauya da sauri ba tare da dalili ba, ko yaron da ya yi ƙiba mai tsanani da yunwa marar ƙarewa kafin shekara biyar, likita ya kamata ya duba shi, domin a nan ne ake samun cutar maƙoƙo, ciwon sukari, ko lalurar ƙwayar gado guda ɗaya wadda wani lokaci take da magani.